Mabuɗin Wasa: Labarin Gwanayen Shaɗaranji

Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ya kalli masu dara, ya san tun wajen zuba 'ya'ya a ke gane gwani. Kafin a soma ci, mai ido ya riga ya hango wanda zai sha wuya. To, akwai wata irin dara wadda ta game duniya, Larabawa suna ce mata shaɗaranji, Ingilishi kuwa suna ce mata ces. Ita ma haka sha'aninta ya ke, har ma ta fi, gama an rubuta littattafai dubbai a kan farkon wasan kaɗai. An yi mutanen da suka zama zakarun duniya, an kuma yi waɗanda aka tuɓe, saboda abin da suka shirya a ɗaka, ko suka ƙi shiryawa, tun ba a zauna gaban allo ba.

Allon shaɗaranji gida 64 gare shi, takwas a tsaye, takwas a kwance. Mutum biyu ke yi, ɗaya da fararen 'ya'ya, ɗaya da baƙaƙe, kowa da 16: Sarki, da Sarauniya, da hasumiya biyu, da giwa biyu, da doki biyu, da dakaru takwas jere a gabansu. Hasumiya a miƙe ta ke tafiya, giwa a karkace, Sarauniya ta haɗa duka biyu. Doki tsalle ya ke yi, dakare kuwa gaba kawai ya sani, ba ya komawa baya. Sarki a ke farauta. In aka ritsa shi ba mafita, wasa ya ƙare; in ba wanda ya iya ritsa wani, an yi kunnen doki. A wurin gasa, wanda ya ci yana da maki ɗaya, kunnen doki kuwa rabi-rabi.

Mai fari ke fara taku, yana da hanya 20 da zai zaɓa, mai baƙi ma 20. In kowa ya yi taku uku, hanyoyin da wasa zai iya bi sun wuce miliyan 100. Yawancinsu banza ne. Gwanaye suka yi ta tankaɗe da rairaya shekara da shekaru, suka fid da na kirki, suka raɗa wa kowace suna. Taku goma ko goma sha biyar na farko shi a ke kira mabuɗi. Abin da a ke nema a cikinsa shi ne a riƙe gidaje huɗun nan na tsakiyar allo, a fid da dawaki da giwaye fili, a kuma shigar da Sarki lungu ya ɓuya.

Asalin wasan daga ƙasar Hindu ne, watau Indiya, wajen ƙarni na 6. Can a ke ce masa caturanga, ma'ana runduna mai kashi huɗu: giwaye, da dawaki, da kekunan yaƙi, da dakaru. Daga nan ya shiga Farisa, daga Farisa Larabawa suka ɗauka. A Bagadaza, zamanin halifofin Abbasiyawa, aka fara yi masa littattafai. Wani gwani, Al-Adli, ya rubuta nasa wajen shekarar 840. Bayansa aka yi As-Suli, wanda ya kayar da gwanin fadar Halifa Muktafi, har sunansa ya zama abin buga misali a bakin Larabawa.

Shaɗaranjin wancan zamani tafiyar hawainiya gare shi. Ba Sarauniya a ciki, sai waziri, shi kuwa gida ɗaya tak ya ke takawa a karkace. Giwa ma tsalle gajere ta ke yi, dakare gida ɗaya. Saboda haka rundunonin nan biyu su kan daɗe ba su gamu ba. Kowa sai ya yi ta jera mutanensa a gefensa, taku goma sha biyu ko fiye, kamar sarkin yaƙi yana jan daga. Wannan jeri shi Larabawa suka kira ta'abiya, kowace da sunanta. Akwai Mujannah, mai fikafikai. Akwai Sayyal, watau ambaliya. Akwai Masha'ihi, ta dattawa. Su ne kakannin mabuɗan yanzu. Wasan ya bi Larabawa har Andalus, ya kuma ƙetaro hamada, gama a Barno an san wani irinsa da a ke kira tsatsarandi, inda Sarki shi ne Mai, waziri Ciroma, hasumiya kuwa Kaigama.

Wajen shekarar 1475 mutanen ƙasar Sifen suka sake dokoki. Suka mai da waziri Sarauniya, suka ba ta ikon ratsa allo daga wannan gefe zuwa wancan, suka saki giwa ita ma. Nan da nan wasa ya yi zafi, har ana iya ritsa Sarkin mai sakaci cikin taku huɗu. Ta'abiyoyin Bagadaza duk suka tashi a banza, ya zama tilas a fara nazari daga tushe. Wani saurayi, Lusena, ya buga littafi a Salamanka cikin 1497. Cikin 1561 wani limamin Kirista, Ruyi Lofez, ya buga nasa, ya ƙarfafa wani mabuɗi wanda har yau sunansa ya ke amsawa. Ga yadda ya ke: kowa ya tura dakaren gaban Sarkinsa gida biyu, mai fari ya fid da doki ya auna dakaren mai baƙi, mai baƙi ya fid da doki ya tsare shi, sai mai fari ya aiko giwa ta tsaya wa dokin nan a wuya. Limamin nan kuwa ba a rasa shi da 'yar dabara ba, gama ya shawarci mai wasa ya zaunar da abokin karawarsa inda rana za ta riƙa dukan idonsa. A littafinsa ne kuma aka ari wata kalma ta mutanen Italiya mai ma'anar taɗiya irin ta kokawa, aka sa wa mabuɗin da mutum ke miƙa dakarensa kyauta domin ya sami hanya. Irin wannan mabuɗi tayi ne. In daga gefen Sarki aka miƙa, Tayin Sarki ke nan. In daga gefen Sarauniya, Tayin Sarauniya.

Gasar farko ta ƙasashe dabam dabam a Landan aka yi ta cikin 1851, lokacin babban baje kolin birnin. Hawad Sitaunton, gwanin Ingila, shi ya kira ta, yana kuwa sa ran shi zai ci. Mutum 16 suka shiga, wanda aka kayar ya fita. Wani malamin lissafi Bajamushe, Adolf Andasan, ya share su duka, Sitaunton ya tashi na huɗu. Ba agogo a lokacin, mutum ya kan zauna sa'a guda ko fiye yana tunanin taku ɗaya, har waɗansu suka yi ta gunaguni. Wannan ya sa daga baya aka kawo agogo mai fuska biyu, kowa da lokacinsa. Amma wasan da aka fi tunawa na wannan shekara ba cikin gasar aka yi shi ba. Na nishaɗi ne tsakanin Andasan da Kizariski. Andasan ya buɗe da Tayin Sarki, ya ba da giwa, ya ba da hasumiya duka biyu, ya ba da Sarauniya, sa'an nan ya ritsa Sarki da doki biyu da giwa ɗaya a taku na 23. Haka mutanen zamanin ke son wasa. Ƙin karɓar tayi a wurinsu kamar ragwanta ne.

Wanda ya kashe wannan yayi shi ne Wilhelm Shitainiz, mutumin Firag, wanda ya zama zakaran duniya na farko cikin 1886. Shi ya koya wa mutane cewa hari ba ya cin wanda bai yi kuskure ba. Abin yi shi ne a tara 'yar riba kaɗan kaɗan, sai bango ya tsage a shiga. Gwanaye suka koyi tsaron gida, Tayin Sarki ya soma ja da baya, Tayin Sarauniya ya hau. Shi wannan suna ne kawai tayi, gama dakaren da aka miƙa ya kan dawo hannu. Mai baƙi ma sau da yawa ba ya karɓa, sai ya tokare tsakiya da wani dakare. Wannan shi ne Ƙin Tayin Sarauniya, mabuɗi mai kama da garu: wuyar fasawa, wuyar fitowa.

A wannan zamani aka yi Hose Kafablanka, mutumin Habana ta ƙasar Kyuba, haifaffen 1888. Yana da shekara huɗu ya koyi wasan, daga kallon ubansa kawai. Allah ya ba shi ido. Abin da wani zai kwana yana lissafi, shi da kallo ɗaya ya gani. Cikin 1918 a Niyu Yok, Faran Mashal, gwanin Amurka, ya ɗana masa wani sabon tarko cikin mabuɗin Ruyi Lofez, har labari ya bazu wai ya yi shekaru yana ɓoyonsa domin Kafablanka. Kafablanka ya duba, ya gane an shirya masa, ya kuwa shiga da gangan, ya kare kansa taku bayan taku, ya ci wasan. Daga 1916 zuwa 1924 ba wanda ya kayar da shi a gasa ko sau ɗaya. Cikin 1921 ya karɓe sarauta daga hannun Imanuwel Laska, wanda ya riƙe ta shekara 27, Laska bai ci ko wasa ɗaya ba. Mutumin da ya ga irin wannan a rayuwarsa, da wuya a ce masa ya zauna ya yi tilawa.

Aleksanda Alekin, haifaffen Mosko mazaunin Faransa, shi ya nemi karawa da shi. Sharaɗin kuwa mai nauyi ne, sai mai nema ya samo dala 10,000, har mutanen Ajantina suka ɗauki nauyi. Kafin 1927 Alekin bai taɓa cin Kafablanka ba ko sau ɗaya, a farkon shekarar ma Kafablanka ya bar shi a baya a gasar Niyu Yok. Kusan kowa ya ɗauka an gama. Alekin kuwa ya kulle kansa da wasannin Kafablanka, ya bi su ɗaya ɗaya, ya gano mutumin ya dogara ga idonsa ƙwarai, in wasa ya yi tsawo ya rikice ya kan yi ƙananan kurakurai, sai dai tsoro ke hana mutane gani.

Aka fara a birnin Buwenos Aires ran 16 ga Satumba 1927, a kan wanda ya riga cin wasa shida shi ne zakara, kunnen doki ba ya cikin lissafi. Wasa na farko Kafablanka ya buɗe da dakaren Sarki, Alekin ya tare shi da Kariyar Faransa, ya ci. Tun daga ran nan Kafablanka bai ƙara taɓa dakaren Sarki a takun farko ba har aka tashi. Suka koma ga Ƙin Tayin Sarauniya, wannan ya yi wa wancan, wancan ya yi wa wannan. Cikin wasa 34 da suka yi, 32 da mabuɗin nan ɗaya aka buɗe. Kafablanka ya ci na 3 da na 7, aka ce to, gwani ya farka. Alekin, wanda ciwon haƙori ya dame shi har aka cire masa shida ana tsakiyar gasa, ya ci na 11, wani dogon wasa da ya ƙare da Sarauniya huɗu a kan allo, gama dakaren da ya kai ƙarshen allo ya kan zama Sarauniya. Ya ƙara da na 12. Sa'an nan aka yi kunnen doki takwas a jere. Masu kallo suka gaji, amma a nan ne Alekin ke cin riba, gama ya nuna wa Kafablanka cewa a wasan natsuwa ma, inda a ke ce ba shi da na biyu, an zo daidai da shi. Ran 29 ga Nuwamba Kafablanka ya aiko da takarda ya sallama wasa na 34. Alekin ya ci 6, Kafablanka 3, kunnen doki 25.

Kafablanka ya yi ta neman a sake, Alekin ya yi ta kawo sharuɗɗa, har suka daina gaisawa. Kafablanka ya mutu cikin 1942 bai sami ramuwa ba, wannan kuwa tabo ne a sunan Alekin. Tun a shekarun 1920 Kafablanka ke faɗin tsoronsa cewa haddar mabuɗai za ta kashe wasan da kunnen doki, har ya kawo shawara a faɗaɗa allo a ƙara sababbin 'ya'ya biyu. Ba a bi shawararsa ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sarauta ta koma Tarayyar Sobiyat, watau Rasha da ƙasashen da ke haɗe da ita a lokacin. Daga 1948 zuwa 1972 zakaru biyar aka yi, Botbinik, da Simislof, da Tal, da Fetrosiyan, da Sifaski, duk nasu ne. Gwamnati ke biyan gwanaye albashi, ta ba su malamai da gidajen hutu. In ɗayansu zai kara da baƙo, sai a tara masa mataimaka su tone duk mabuɗin da baƙon ya taɓa yi, su nemo inda ke yoyo. A wurinsu shaɗaranji hujja ce ta cewa tsarin mulkinsu ya fi na Amurka.

Sai ga wani yaro daga Burukilin ta Niyu Yok, Bobi Fisha, haifaffen 1943. Yana da shekara 14 ya zama zakaran Amurka. Ya koyi karanta Rashanci domin ya bi mujallunsu na wasa, ba shi da aboki sai allo. Cikin 1971, a wasannin share fage, ya ci Taimanof na Rasha 6 ba ko ɗaya, ya ci Lasan na Denmak 6 ba ko ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba tsakanin manyan gwanaye, sa'an nan ya kayar da Fetrosiyan. Duk da haka Rashawa suna da abin dogara iri biyu. Na ɗaya, Boris Sifaski ya taɓa karawa da Fisha sau biyar, ya ci uku, biyu kunnen doki. Na biyu, Fisha mutum ne mai hanya ɗaya. In yana da fari, kusan kullum dakaren Sarki ya ke turawa. In yana da baƙi, 'yan kariyoyinsa ba su da yawa, kowa ya san su. Mai bin hanya ɗaya kuwa ba shi da wuyar yi wa kwanto.

Aka sa gasar a Rekabik, babban birnin Aisilan, wani tsibiri mai sanyi a arewacin tekun Atlantika, cikin Yuli 1972, wasa 24. Ranar buɗewa ta zo, Fisha yana Amurka yana rigimar kuɗi. Wani attajirin Ingila, Jim Sileta, ya ninka ladan, daga dala 125,000 ya koma 250,000. Henri Kisinja, mai ba Shugaban Amurka shawara, ya buga masa waya. Da ƙyar ya zo. Wasa na farko, ran 11 ga Yuli, ana tafiya sosai zuwa kunnen doki, sai a taku na 29 Fisha ya kai giwarsa ta ci wani dakare a gefen allo. Sifaski ya tura dakare ɗaya ya rufe mata ƙofa, giwa ta halaka, wasa ya bi ta. Wasa na biyu Fisha ya ƙi zuwa sam, wai na'urorin ɗaukar hoto suna damunsa, alƙali ya ba Sifaski. Ya zama 2 ba ko ɗaya.

A nan ne Sifaski ya yi abin da ya jawo masa yabo da hasara gaba ɗaya. Da ya tattara kayansa ya koma Mosko, da ba mai zarginsa, sarauta kuma tana hannunsa. Amma shi mutum ne mai son a yi wasa a ga gwani. Ya yarda a yi na uku a wani ɗan ɗaki na baya, inda ba 'yan kallo. Fisha, da baƙi, ya ɗauko Kariyar Benoni, a taku na 11 kuwa ya kai dokinsa can bakin allo, inda kowane malami ke hana almajirinsa kai doki. Ya bar Sifaski ya cinye dokin da giwa, ya rama, dakarun gaban Sarkinsa suka wargaje. A ido ɓarna ce, amma ta buɗe masa hanyoyi, ta kuma fid da Sifaski daga abin da ya haddace. Fisha ya ci, karo na farko a rayuwarsa da ya kayar da Sifaski. Aka koma babban zaure, ba na'urorin hoto.

Wasa na huɗu ya nuna Rashawa ba barci suka yi ba. Fisha ya buɗe da dakaren Sarki kamar yadda ya saba, Sifaski ya tare shi da Kariyar Sisili, ya bi da shi ta wata hanya da aka shirya tun a gida, Fisha ya tsira da kunnen doki da ƙyar. Ya ci na biyar, maki ya zo daidai. Sai na shida, ran 23 ga Yuli. Fisha ya miƙa hannu, ya wuce dakaren Sarki, ya wuce na Sarauniya, ya tura wanda ke gaban giwar gefen Sarauniya. Wannan shi ne Mabuɗin Ingilishi, wanda aka raɗa wa suna saboda Sitaunton. Bayan 'yan taku kaɗan wasan ya juye ya zama Ƙin Tayin Sarauniya, mabuɗin nan na Buwenos Aires, wanda ba a san Fisha da shi ba ko kaɗan. Sifaski ya bi wani reshe nasa da a ke kira Kariyar Tartakowa, wadda ba a taɓa cinsa a cikinta ba.

Abin da ya faru a taku na 14 ya isa a tsaya a kansa. Fisha ya kai giwa wani gida, yana bin sawun wani wasa da aka yi a Rasha cikin 1970, inda aka kayar da Efim Gela da wannan taku. Gela kuwa shi ne babban mataimakin Sifaski a Rekabik. Tun bayan kayen nan ya samo maganin abin, watau a janye Sarauniya gida uku a miƙe, ya kuma ce ya nuna wa Sifaski. Sifaski, ko mantuwa ce ko rashin yarda, sai ya tura dakare, ya bi hanyar da ta kai Gela ƙasa. Fisha ya matse shi a hankali, ya ture dakarun tsakiya, ya ba da hasumiya a bakin doki, har 'ya'yan Sifaski suka rasa inda za su motsa. A taku na 41 ya sallama. 'Yan kallo suka yi ta tafi, Sifaski ma ya sa hannu ya taya su. Shekara guda bayan haka, a wata gasa a ƙasar Holan, Gela ya yi amfani da maganin nan nasa, ya ci. Ashe makamin yana cikin kube, mai shi ne bai zare ba.

Daga nan shirin Rashawa ya rushe, gama sun yi wata da watanni suna haƙa rami a hanyar da mutumin ya daina bi. Sau ɗaya suka same shi. Akwai wani reshe na Kariyar Sisili da a ke kira Dakare Mai Dafi, inda mai baƙi ke fid da Sarauniyarsa tun da wuri ta je ta ci dakare a cikin gidan mai fari. Fisha ya daɗe yana cin dakaren nan yana kwana lafiya. A wasa na 11 Sifaski ya mai da dokinsa baya, gidan da ya fito tun farko, taku mai kama da na wanda ya ruɗe. Ashe ƙofa ya ke rufewa. Sarauniyar Fisha ta rasa hanyar komawa, ya sallama a taku na 31. Bai ƙara komawa ga dakaren nan ba. A na 13 sai ya ɗauko Kariyar Alekin, wadda a ke fid da doki tun takun farko a bar dakarun mai fari su yi ta korarsa har su yi nisa da gida, ya ci bayan taku 74.

Mutanen Sifaski suka rasa yadda za su fassara abin, har suka kai ƙara wai ana sa wa gwaninsu wani magani ko wata na'ura a zaure. Aka ɗauki hoton cikin kujeru irin na asibiti, aka kwance fitilu, abin da aka samu ƙudaje biyu ne matattu. Aka yi kunnen doki bakwai a jere. Wasa na 21 aka ɗage shi zuwa gobe, ran 1 ga Satumba kuwa Sifaski ya bugo waya ya sallama. Fisha yana da maki 12 da rabi, Sifaski 8 da rabi. Sifaski ya koma gida ya tarar an ɗaure masa fuska. Fisha kuma bai kare sarautar ba ko sau ɗaya. Cikin 1975 ya kawo sharuɗɗan da hukumar wasan ta duniya ba ta karɓa duka ba, aka naɗa Anatoli Karfof ba tare da an taɓa allo ba.

An sake ganin irin wannan a Landan cikin 2000. Gari Kasfarof, wanda ya riƙe sarauta tun 1985, ba a taɓa yin mai shirin mabuɗi kamarsa ba, ga mataimaka, ga kwamfuta. Biladimir Kiramnik, wanda ya taɓa zama mataimakinsa cikin 1995, ya san duk wannan. Sai ya tono wani tsohon reshe na mabuɗin Ruyi Lofez da aka daɗe da yar wa, Kariyar Balin. A cikinta Sarauniyoyi biyu su kan cinye juna tun a taku na 8, Sarkin mai baƙi ya tsaya a tsakiya, wasa ya yi sanyi. Mai son wuta an hana shi itace. Sau huɗu Kasfarof ya kai wa katangar nan hari, sau huɗu aka tashi kunnen doki. Kiramnik ya ci wasa biyu da fari, ya karɓi sarauta da maki 8 da rabi, Kasfarof 6 da rabi. Tun Laska a 1921 ba a ƙara tuɓe zakara bai ci ko wasa ɗaya ba sai ran nan.

Fisha kansa, wanda ya fi kowa haddar mabuɗai a zamaninsa, daga baya ya juya musu baya, ya koma ga maganar Kafablanka. Cikin 1996, a Buwenos Aires, ya bayyana wata sabuwar hanya: allo da dokoki su tsaya yadda su ke, amma a riƙa jera manyan 'ya'ya na layin baya da ƙuri'a kafin kowane wasa. Jeri 960 ke yiwuwa, ba kuwa mai iya haddace mabuɗan wannan duka. Ya mutu a Rekabik cikin Janairu 2008, yana da shekara 64. Cikin 2019 hukumar wasan ta duniya ta amince da gasar zakaran wannan sabon salo, aka yi ta farko a Norwe, Wesli So ya kayar da Magnus Kalsan. Ta biyu a Rekabik aka yi ta cikin 2022, inda Hikaru Nakamura na Amurka da Iyan Nefomniyashi na Rasha suka kai wasan ƙarshe, Ba'amurken ya ci.